Ba Ta Mutuwa Sai a Hannuna

Zuwa ga ƙanena Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Ka yi haƙuri da rubutun, hannun ya fara rawa.

Ƙaramar taraktar nan ta ishe ni. A fili tana tafiya lafiya lau, amma da zarar na sauke haro mai juyawa ya fara barje ƙasa, sai ta yi girgiza ta mutu. Na tayar, ta mutu. Na sauka na hau har gwiwoyina sun gaji, ban gama kunya guda ba.

Ka san 'yata, wato 'yarka, ta ce idan ban iya gyara lambun bana ba, to in rufe gidan in koma wurinta. Hawa na uku take zaune, Auta. Me zan yi a can, kallon rufin mutane? Kai ne ka tsufa a gareji, ka faɗa mini abin da zan duba.

Na gaishe ka.
Yayanka

Yaya,

Gaisuwa da girmamawa. Wato sai tarakta ta lalace ake tunawa da Auta ko? To, na ji.

Ka canza filtar mai, ka duba ko ruwa ya shiga dizal. Ka kakkaɓe filtar iska. Ka leƙa wuƙaƙen haron, wataƙila ciyawa ko waya ta naɗe su. Kada ka nitsa shi ƙasa sosai, kuma ka tafi da ƙaramar giya. Na san ka da gaggawa tun muna yara.

A huta lafiya.
Auta

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa. Duk na yi. Filta sabuwa ce, dizal fes, wuƙaƙen na tsabtace su ɗaya-ɗaya, ina yi ina hutawa a kan bokiti. Neman sifana ma ya ci mini rabin yini. Sai a aljihun tebur na same ta, kusa da ƙusar da nake ƙara huda bel ɗin wandona da ita.

Abin haushin shi ne, maƙwabcina mai tumbin nan ya zo ya hau, ya yi kunya biyu tana ta ruri kamar sabuwa. Ya sauko yana cewa, "Baba, ai motarka ta fi ni lafiya." Yana fita na hau, na sauke haro, ta mutu. Na daɗe zaune a kanta ban sauko ba. Ko ƙarfe ma ya raina ni ne?

Na gaji, Auta. Lokacin shuka yana wucewa.

Yayanka

Yaya,

Gaisuwa. Na karanta takardarka na sake karantawa, kuma ba zancen filta ne ya tsaya mini ba, zancen bel ne.

Ɗaga kujerar ka duba, akwai ɗan maɓalli a ƙarƙashinta. Aikinsa shi ne, idan haro yana juyawa kuma bai ji nauyin mutum ba, ya kashe injin, don kada direba ya faɗo wuƙaƙe su bi ta kansa. Maƙwabcinka yana danne shi. Kai kuwa da ta fara girgiza sai ta ɗaga ka, maɓallin ya ɗauka ba kowa a kai.

Lafiyar tarakta ƙalau. Kai ne ka rame. Tun rasuwar matarka, Yaya Babba, wa ke dafa maka abinci? Kana ci kuwa? Ka je wurin likita?

Na san abin da za ka tambaya, yadda ake haɗe wayoyin maɓallin don ya daina kashe injin. Ba zan faɗa maka ba. Kada kuma ka rungumi dutse ka hau, na san halinka. Ni zan zo. Tumbina ya fi na maƙwabcinka, zan yi maka haro, kai ka zauna a inuwa kana gyara mini layi. Amma sai mun fara zuwa asibiti.

Auta

Auta,

Na ɗaga kujerar na gani. Dutsen kuwa na riga na gwada, ban iya ɗaga shi ba.

Ka zo. Na share maka ɗakin baya. Tukwanen suna nan inda ta bar su, sai dai ka wanke. 'Yarka kuma ka bar mini, ni zan gaya mata zancen ramar nan da kaina, bayan an yi shuka.

Allah Ya kawo ka lafiya.
Yayanka