Muryar Inna da ta rage min daƙiƙa arba'in

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya hana ni sukuni wata biyu ke nan.

Ina da ɗan situdiyo a unguwar Gwallaga, ina haɗa wa 'yan kasuwa talla ta murya. Mu biyu Inna ta haifa, ni da yayata da nake kira Adda, tana aure a GRA. Da ciwon Inna ya yi tsanani, Adda ta matsa mata ta koma gidanta don a riƙa kai ta asibiti, Inna ta ce ba za ta bar ɗakin da mahaifinmu Baffa ya bar ta ba. Suka yi ta ja, har Adda cikin fushi ta ce mata in ta mutu a ɗakin nan ita ta so. Ta fita tana kuka, washegari wajen aikinsu suka tura ta kwas Legas. Ta yi ta kira, Inna ba ta ɗauka.

Ranar wata Laraba Inna ta ce in kawo abin ɗaukar maganata. Na kai kwamfuta da makirfo har bakin gadonta. Ta yi kusan awa ɗaya tana magana, ta faɗi asalinmu, da yadda kakanmu ya bar kiwo ya zauna a gari, ta yi waƙar Fulatanci da take mana muna yara. A ƙarshe ta kira sunan Adda ta ce, "Na yafe miki duniya da lahira, na san tsoro ne ya sa ki faɗa, ba ƙi ba." Ta ce kar in tura mata, in bari sai ta dawo su ji tare.

Ga inda na yi kuskure. Sati ɗaya kafin nan wani mai atamfa a kasuwar Muda Lawal ya ba ni aikin gajerun talla da yawa, sai na shiga saitin manhajar da nake gyaran murya na canza yadda take fitar da fayil, maimakon ta fitar da aikin gaba ɗaya, ta riƙa fitar da iya wurin da na zaɓa, na kuma danna ta riƙe hakan kullum. Na manta ban mayar ba. Da na dawo da maganar Inna, na zaɓi farkonta don in rage ƙarar fanka, na fitar da fayil, na ga sunansa ya fito, ban buɗe ba. Kwamfutar ta cika, na goge asalin aikin, na ci gaba da ɗora wasu ayyuka a kai.

Bayan kwana tara Inna ta rasu. Adda ta iso an riga an kai ta. A wajen zaman makoki ta ƙi ci ta ƙi sha, tana ta cewa Inna ta tafi da fushinta. Na ja ta gefe na ce ta kwantar da hankalinta, Inna ta bar mata saƙo da muryarta. A ranar ta fara cin abinci.

Bayan addu'ar bakwai na buɗe fayil ɗin. Daƙiƙa arba'in ne kawai. Inna ta yi gyaran murya, ta tambaye ni ko ya fara ɗauka, ta yi dariya, ta ce in kori kazar da ta shigo ɗaki. Shi ke nan. Na kai kwamfutar wajen masu gyara biyu, duka sun ce abin da na ɗora daga baya ya hau kai, ba zai dawo ba.

Tun daga lokacin nake ce wa Adda ina kan gyara. Na faɗa mata da baki cewa Inna ta yafe mata, ta ce ta san ni da tausayi, zan iya faɗin haka don in lallashe ta, ita dai ta ji da kunnenta. Jiya ta zo situdiyo da kanta ta zauna, ta ce ko da ƙara ko ba gyara in kunna mata. Na ce wuta ta lalata min abu, ta dube ni kawai ta tashi.

Wani abokin sana'ata ya ce akwai manhajar da ke kwaikwayon murya, daƙiƙa arba'in ɗin sun isa a sa Inna ta maimaita maganar, tunda ba ƙarya zan ƙirƙira ba, abin da ta faɗa ne. Na haddace kalmomin, ko ɗaya ban manta ba. Amma duk sanda na zauna zan yi sai in kasa, ina ganin kamar zan sa mahaifiyata magana bayan tana kabari. In kuma na faɗi gaskiya, ina tsoron Adda ta ɗauka tun farko babu wani saƙo, ta koma inda take a ranar makoki.

Ta ce za ta dawo ranar Asabar. 'Yan uwa, musamman malamai da waɗanda suka rasa uwa, in haɗa mata muryar, ko in kunna mata dariyar Inna ta daƙiƙa arba'in in faɗa mata abin da na yi?