Kwamfutar asibitin Yaya Hadiza

Daren Laraba, Guangzhou, ana tsakiyar gasar Olamfik

Yau na zaɓi babbar kwamfutar da za ta riƙe bayanan marasa lafiya a asibitin Yaya Hadiza a Kano. Mai shagon, idonsa na kan talabijin, ya nace in ɗauki mai sauri. Na ce a'a, faifan ajiya biyu nake so, ɗaya na kwafar ɗaya, da ƙaton batir. Bara da aka ɗauke wuta faifanmu ya mutu da bayanan masu awon ciki, Yaya har kuka ta yi.

Sai ya tambaye ni sau nawa ake ɗauke wuta a shekara.

Wai a shekara! Na fashe da dariya, na waiga neman wanda zai taya ni. Babu kowa.