Mu Biyu a Sikelin Jirgi

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da kajin nan naki marasa kunya. Mu nan lafiya lau, sai gwiwa da take tuna mini shekaruna duk safiya.

Bayan haka, na kai wa likitan ido takardar da malamin asibitinku ya rubuto. Ya ce idonki na hagu ya riga ya tafi, amma na dama ana iya ceto shi in an yi aiki da wuri. Shi kuma likitan baƙo ne, ƙarshen wata zai koma inda ya fito. Ruwa ya cinye gadarku, babu mai maganar gyara kafin rani. Saura jirgi ke nan.

Na san abin da za ki ce. To ki tuna, duk wasiƙar da na taɓa aiko miki a cikinsa ta zo, ko ɗaya ba ta faɗo a daji ba. An ce ya tsufa. Ni da na ƙare rayuwata a gyaran agogo, tsoffin su ne ba sa ba ni kunya.

Haɗa kaya ki taho. Maman yara ta share miki ɗaki, tana gaishe ki.

Yayanki.

*

Yaya,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Maman yara. Ka yi haƙuri da manyan baƙaƙe, hancina a kan takarda nake rubutu.

Kai a bakin mutane ka san jirgin nan, ni a saman rufina na san shi. In zai sauka ta kan gidana yake bi, yana tari kamar mai ciwon fuka, kwanuka na rawa. Ran nan ya yi shiru a sama. Na yar da tsintsiya na fara salati, sannan ya sake kamawa. Wasiƙa ba ta da rai, Yaya, shi ya sa ba ta damu ba.

Duhun nan ma tsoro yake ba ni, ba zan ɓoye maka ba. Amma ni kaɗai ba zan hau ba. In ka zo da kanka, ka riƙe hannuna tun daga tashi har sauka, zan hau. In ka sake ni ko sau ɗaya, ban yafe ba.

Taka, Auta.

*

Maman yara,

Sallama da gaisuwa. Na iso gidan Auta da raina, amma ban tabbata duka na iso ba. Ki zauna ki karanta.

Ba babban filin da kike gani ake hawansa ba, can gefe ne, wajen wata rumfar kwano. A nan akwai sikeli irin na auna buhu. Na ɗora jakata, mai awon ya ce, “Baba, har da kai.” Na ce ni ba kaya ba ne. Ya ce a wajen jirgin nan kowa kaya ne. Na hau, allura ta yi tafiyar da ta ga dama, wata mata a bayana ta ce Allah ya ƙara lafiya. Ashe da awon nan suke raba kujeru. Masu nauyi gaba, marasa nauyi can wajen wutsiya, kuma in an zaunar da kai ba ka canjawa, don wai in nauyi ya karkata jirgin ma karkata yake.

Shi kuwa jirgin, zaune yake a kan wutsiyarsa, hanci sama, kamar karen da ke jiran a jefa masa abu. In ka shiga sai ka hau tudu kafin ka kai kujerarka. Tagogin da labule. A hannun kujera har yanzu akwai ɗan akwatin zuba tokar sigari, an liƙe bakinsa. Na tambayi ma’aikaciyar jirgin shekarunsa. Ta ce, “Ya girmi matuƙin, Baba, amma suna shiri.”

Kafin a tayar, na ga makanike yana juya farfela da hannu, ya sa tsumma ya goge baƙin man da ke bin fiffike. Da ya ba da baya man ya dawo. Injin dama ya yi tari, ya yi aman hayaƙi, har na ga harshen wuta. Na duba mutane. Wani na kusa da ni ɓare lemo yake.

Kin san kunnena. Agogo in ya tsallake bugu ɗaya ina ji daga ƙofar shago. To haka na zauna ina sauraron injin nan, yana tafiya daidai, sai ya tsallake, sai ya dawo. Da muka shiga hadari a kan duwatsu, jirgin ya riƙa faɗawa rami yana fitowa. Ruwan sama ya fara ɗigo mini a gwiwa ta gefen taga. Ina kallon ƙusoshin fiffike, ɗaya tana juyawa a raminta a hankali. Na nuna wa mai lemo. Ya ce tun bara take juyawa.

Da muka sauka na ɗauki jakata, ban waiwaye shi ba.

Yanzu ga damuwar. Idon Auta ya fi yadda ta rubuta lalacewa. Jiya ta zuba mini shayi a gefen kofi, tana ta zubawa tana hira. Ta tambaye ni jirgin, na ce tsaf yake, har da labule. Kin ga ban yi ƙarya duka ba. Amma kin san jikinta, ta rame ta zama kamar tsinken tsintsiya. Sikelin nan gaba zai kai ni, ita kuma wutsiya. Hannuna bai kai can ba. In ta ji haka a rumfar, juyawa za ta yi.

Kuma gaskiya ni ma ba na son komawa cikinsa.

Ki gaida yara. Mijinki.

*

Malam,

Muna lafiya, muna gaishe ku. Na karanta wasiƙarka, na kasa cin abinci.

Amma jirgi ya zo ya koma, ya sake zuwa, kullum ina tsaye a rumfar kamar mai talla, ba ku sauko ba. Na je wajen likita, ya ce satin nan ne kawai ya rage masa. Kai kana ganin abin tsoro, ita nan gaba ko abin tsoron ba za ta gani ba.

Maganar sikeli kuwa, tun kuna yara ake muku dariya, kai ka cinye rabonka da nata. To yau ranar amfanin abin. Ka ce wa mai awon ya ɗora ku tare. In an haɗa ka da ita a raba biyu, ai mutane biyu ne sak irin na kowa. Ya ba ku tsakiya.

Kada ka saurari injin. Ba a kawo maka shi gyara ba.

Allah ya kawo ku lafiya. Maman yara.

*

Maman yara,

Gaisuwa daga bencin rumfa. Na san jirgi ɗaya za mu hau da takardar nan, inda muka je nan za ta je, amma na kasa zama ban rubuta ba.

Mun hau sikelin tare. Mai awon ya sosa ƙeya, ya kira matuƙi, matuƙi ya dube mu ya yi dariya ya ce a ba mu tsakiya. Auta ta ce wannan ne karo na farko da ƙibata ta yi wa wani amfani.

Tsakiyar kuwa daidai fiffike ne, ni ne a taga. Yanzu haka makanike yana kan tsani, kansa a cikin injin dama, ya daɗe bai fito ba. Auta ta ce me ake jira, na ce wanke gilashi suke. Sama ta yi baƙi ta wajen duwatsu.

Makullin shago yana bayan babban agogon bango. Kawai don ki sani.

Ana kiran mu. Ki yafe mini abin da na yi miki da wanda ban yi ba.

Mijinki.

*

Yaya,

Ina kwana. Ga baƙaƙena sun koma ƙanana. Jiya aka kwance mini bandeji, na ga fuskar Maman yara, ashe ita ma ta tsufa.

Da aka sallame ni na ce ta biya da ni ta rumfar nan in ga abin da ya kawo ni. Na gan shi. Na ga facin da ke jikinsa, na ga baƙin man. Na zauna a ƙasa.

A sama kana ta ce mini komai lafiya, hannunka kuwa sanyi kamar ƙarfe, ka matse nawa har yau yatsuna na ciwo. Na ɗauka don ni kake yi. Ba ka sake ni ba dai, na shaida.

An ce tun da muka sauka ka ƙi fita daga shago, shi ya sa na aiko da wannan. Ka sa a ƙara mini katifa a ɗakin nan. Ina nan sai an gyara gada.

Kajin kuma Allah ya ba su haƙuri.

Taka, Auta.