Ƙorafi a Kan Dakatar da Darasin Adungure na 'Yan Aji Ɗaya

Daga: Malama Filomina Ruben,
Makarantar Firamare ta Tauraron Tudu,
Gangaren Tudu, Keffi.
Litinin, 4 ga Nuwamba, 2024.

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Kwamitin Gudanarwa na Makaranta.

Ranka ya daɗe,

Game da: Soke darasin motsa jiki da Hedimasta ya yi

Bayan gaisuwa ta ban girma, ina neman izinin gabatar da kukana kamar haka:

1. A ranar 9 ga Satumba, bayan malamin wasanni ya bar aiki, Hedimasta Malam Zailani ya ɗora mini darasin motsa jiki na 'yan aji ɗaya. Na tuna masa cewa shekarata ashirin da shida ina koyar da lissafi, shekaruna kuma hamsin da huɗu. Ya ce abin ba wuya, ya nuna mini hoton bidiyo a wayarsa. Wadda ke cikin bidiyon, ranka ya daɗe, ba ta kai nauyin ƙafata ɗaya ba.

2. Manhaja ta ce a fara koya wa yara mirginawa ta gefe, sannan adungure, kuma a yi a kan katifa. Katifar makaranta guda ɗaya ce, tana ofishin Hedimasta, inda aka ce ana adana ta. Ban musa ba, ko da yake takan fito da ɗumi bayan azahar.

3. A ranar Alhamis, 17 ga Oktoba, yara suka ƙi yin adungure sai sun ga malama ta yi. Na sa wando a ƙarƙashin zane, na dafa ƙasa, na kafa haɓa a ƙirji kamar yadda littafi ya ce. Rabin farko ya tafi daidai. Rabi na biyu bai zo ba. Malama Martina ta aji uku da mai gadi ne suka ƙarasa ni. Kwana uku ina gaishe da mutane da duk jikina, don wuya ba ya juyawa.

4. A ranar 21 ga wata Hedimasta ya soke darasin gaba ɗaya, wai don kare lafiyata. Na gode da tausayinsa, amma wannan hukuncin shi ne ainihin ƙorafina. Yaran ba su daina ba. Yanzu a gangaren bayan aji suke yi lokacin tara, ba mai duba su, a kan tsakuwa, suna kafa tsakar kai a ƙasa. Ƙarshen gangaren nan hanyar 'yan acaba ce. Ranar Juma'ar da ta wuce da hannuna na cafke rigar wani yaro, Akram, saura taku biyu ya kai titi.

5. Akwai kuma wata yarinya, Zipora, wadda tun shigarta makaranta ban taɓa jin muryarta ba, domin Hausa ba ta zauna a bakinta ba tukuna, kunya kuma ta yi mata yawa. Sai ranar da ta iya mirginawa ita kaɗai, ta miƙe ta ɗaga hannu ta roƙi a bar ta ta sake. Yanzu kowace Alhamis tana tsayawa a bakin ƙofata tana kallona. 

Saboda haka ina roƙon kwamiti, cikin ladabi, ya mayar da darasin, ya sa a fito da katifa a ƙara biyu, a tare bakin gangaren, a kuma nemo malamin da ya san aikin. Idan hakan zai ɗauki lokaci, na yarda in ci gaba har a samu, da sharaɗi ɗaya: a riƙa rufe tagogin ɗakin malamai daga ƙarfe goma zuwa goma da rabi.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da girma.

Taka mai biyayya,
Filomina Ruben (Malama)