Gadon Kaka a Gwanjo

Laraba da dare, Nguru.

Yau Yaya Modu ya fitar da kayan marigayi Baba ƙofar gida, ya kira dillali daga Gashua a yi gwanjonsu, har da gadon da kakanmu ya sassaƙa da hannunsa. Ana cikin tayi ƙaninmu Bukar ya fito da gatari. Ya ce, "Yaya, a kan gadon nan Baba ya cika, ba baren da zai kwanta a kai." Ya dinga sara har ya ragargaza shi. Yaya ya ɗauki ƙafar gadon ya rotsa masa kai.

Da mayafina na danne jinin har muka kai asibiti. Bukar ya farfaɗo, amma da ya dube ni sai ya tambayi ko ni wace ce.