Bilic da Asid a Bokiti Ɗaya

Zuwa ga sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan farkon daminata, mai kan da ya fi dutse tauri,

Likita ta hana ka magana sai maƙogwaronka ya warke, ni kuma in na buɗe baki a ɗakin nan sai masu jinya sun fitar da ni. Shi ya sa na ɗauki biro.

Haba Maigida! Kai da ka auri malamar kimiyyar sinadarai, kai ne za ka zuba bilic na wanki da ruwan wankin bayi mai asid a bokiti ɗaya, har ka ja ƙofa ka rufe? Wai in dawo daga makaranta in tarar da bayi yana ƙyalli! Kullum ina tsare ɗalibaina, kafin su haɗa abu biyu sai sun faɗa mini na ukun da zai fito, kuma suna faɗa. Bilic da asid iskar kulorin suke haifarwa, mai ƙona huhu. Ka tuna ranar da nake makin jarrabawa a baranda, kana ɓare mini lemo? Da bakina na karanta maka wannan tambayar, na ba ka amsarta. Ka gyaɗa kai, ka ce muryata ta fi kukan kurciya daɗi. Ashe muryar ka ji, maganar ta bi iska!

Da maƙwabcinmu direba bai ji tarinka ta taga ya ɓalle ƙofa ba, yau wa zan yi wa faɗa? Ina tsakiyar darasi ya kira ni. Na fito ba jaka, alli a hannuna har asibiti. Na same ka da robar numfashi a fuska, idanunka jajur, kana ɗaga mini babban yatsa wai lafiya lau. Lafiya lau a ina? Hadari ya rufe mini gari da rana tsaka. Bayin kuwa, don ka sani, ko fita bai yi ba.

Don Allah, farin watana, ka sha maganinka, ka daina yi wa likita gardama da hannu. Gidan ya yi mini faɗi, na dafa abinci na kasa ci. In burge ni kake so, ka yi ta numfashi kawai, ya ishe ni.

Kwalaben na kulle su a kabad, makullin yana wurin Mama mahaifiyarka, kuma na faɗa mata komai. Tana tafe gobe, ka shirya kunnuwanka.

Taka har tsufa, har bayan tsufa, ko ka ji magana ko ba ka ji ba,
Matarka