Lambun Baba Isa

Litinin, 2 ga Satumba 2024

Yara talatin da bakwai na gwada wa zazzaɓi yau, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Majo Yusuf, shugaban likitarmu, ya ce mini, "Rakiya, da babu ke da mun shiga uku." Madalla. Shekara uku ke nan ina jin wanga yabo, ban taɓa sayen sabulu da shi ba. Benebol nake har yanzu, aikin sa kai, in wata ya yi kyau a miƙo mini jika goma, sefa dubu goma ke nan.

Alhamis, 5 ga Satumba

Daraktan lakwal ɗin da na yi a Maradi, makarantar koyon aikin likita, ya kira ni. Har na miƙe tsaye, na zaci aiki ne ya samu. Ashe ɗalibai yake nema. Ya ce duk wanda na kawo ya biya kuɗin rajista, ina da jika ashirin da biyar. "Ke ai ana ganin ki da farar riga a garinku, maganarki za su ji."

Jika ashirin da biyar. Wata biyu da rabi na tsayuwa ke nan. Ban ce i ba, ban ce a'a ba. Na ce Allah ya kai mu.

Asabar, 7 ga Satumba

Kamar an aiko shi. Baba Isa maƙwabcinmu ya yi sallama da hantsi, ya zauna bakin zaure yana juya hula. Ɗiyarsa Ɗelu ta ci birbe bana, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, ta kafe sai lakwal ɗin likita mai kuɗi, irin tawa. Wani ɗan kasuwa daga Ɗan Issa ya taya lambunsa na bakin tafki, har da injin ban ruwa.

Ya ce, "Ɗiyata, ke kika shiga kika fito. In na saida, kuɗin zai dawo?"

Lambun nan shi ke ci da mutum tara. Zogale, tumatur, albasa, rani da damina. Na ce, "Baba, karatu ai ba ya zama asara." Haka kawai bakina ya faɗa. Ya yi ta sa mini albarka, ni kuwa kunya kamar in nutse.

Ran Alhamis ta sama, sha tara ga wata, mai sayen zai kawo kuɗi.

Talata, 10 ga Satumba

Ɗelu ta biyo ni har likita wai ta ga aiki. Ta riƙe mini jaka, ta ce in ara mata rigar ta gwada. Ta yi mata kyau, wallahi. Yarinyar tana da hankali, ba ta ƙyamar jini, ta fi ni kai lokacin da nake kamarta. Ta ce, "Yaya Rakiya, albashin farko mi kika saya da shi?" Na ce ta miƙo mini auduga.

Juma'a, 13 ga Satumba

Na zauna na yi lissafin da na daɗe ina gudu. Kuɗin lakwal jika ɗari uku kowace shekara, shekara uku. Hayar ɗaki a Maradi, abinci, riguna, kuɗin sitaji na koyon aiki a asibiti, kuɗin jarrabawa, kuɗin karɓar difilom ɗin kansa. Ya haura miliyan ɗaya da jika ɗari biyu. Inna ta saida shanun huɗa biyu da mahaifina ya bari, ta jinginar da gonar gero, har yau ba a fanso ta ba.

Abin da na samu tun da na fito, har da na yawon rigakafi, bai kai jika ɗari huɗu ba. Rabi ya tafi a kuɗin kabu-kabu.

Mu arba'in da biyu muka fito tare. Na bi sunaye a waya ɗaya ɗaya. Uku gwamnati ta ɗauka. Biyar suna kilinik masu zaman kansu, albashin ba ya kai su ƙarshen wata. Jummai, wadda ta zo ta ɗaya a ajinmu, atamfa take saidawa. Sauran irina ne, ko suna gida.

Ba na cewa ban koyi komi ba. Na iya aikina, ko Majo ya shaida. Amma ba wannan Baba Isa ya tambaye ni ba.

Lahadi, 15 ga Satumba

Darakta ya sake kira. Ban ɗauka ba. Takalmina ya tsinke, na kai an ɗinke dala ashirin.

Laraba, 18 ga Satumba

Na faɗa.

Bayan la'asar na aika aka kira Baba Isa, ya zo da Ɗelu. Muka zauna tsakar gida, Inna tana gefe tana tsince wake. Na so ta tashi, ba ta tashi ba. Na buɗe littafin nan na karanta musu lissafin Juma'a, ban rage ko dala ba. Har maganar jika ashirin da biyar ɗin Darakta na faɗa, don in ban faɗa ba sauran ma ƙarya ne.

Baba Isa ya juya hularsa. Can ya ce, "Uku cikin arba'in da biyu?" Na ce uku. Ya ce, "To ke mi kike jira a can?" Na ce nimero nake jira, lambar ma'aikata, ranar da gwamnati za ta ɗauke mu. Ya ce yaushe? Na ce Allah masani.

Ɗelu ta miƙe idonta jawur. "Ke kin samu kin sa rigar, shi ne ba ki son wata ta sa." Ta fita ko takalmi ba ta tsaya sa wa daidai ba. Ya yi mini ciwo ƙwarai, don ban da tabbacin ba ita ce za ta zama cikin ukun ba.

Na manta Inna ba ta taɓa jin lissafin nan ba. Kullum ce mata nake an kusa. Ta ci gaba da tsintar wakenta.

Alhamis, 19 ga Satumba

Mai saye ya zo, ya koma da kuɗinsa. Da marece na hangi Baba Isa yana gyara bakin rijiyar lambu.

Asabar, 21 ga Satumba

Na haɗu da Ɗelu wajen famfo. Na ce sannu, ta kau da kai. Uwarta ma gaisuwar ta ragu. An ce za ta gwada konkur, jarrabawar shiga lakwal ɗin gwamnati, baɗi, in da rabo. Allah ya ba ta. Da zuciya ɗaya na faɗa, ko ba ta yarda ba.

Litinin, 23 ga Satumba

Shekara uku Inna ke tashe ni bayan asuba, ta ɗora mini ruwan wanka, ta ce yi maza kar Majo ya riga ki. Yau ina jin ta ta yi salla, ta share tsakar gida, ta zo bakin ƙofata ta tsaya. Sai ta wuce wajen awaki.

Ido biyu nake, ban tashi ba. Majo ya kira sau biyu, na rubuta masa kaina ke ciwo. Ba daina zuwa na yi ba, yau ɗin dai ne. Da hantsi Inna ta miƙo mini kunu, ta ce, "Sha, ki huta." Ba ta tambaye ni maganar gobe ba.